Babur mai ƙafa huɗu da hanyar fadama

Kwana biyu bayan babbar Sallar da ta wuce, wani ɗan garinmu da ke kasuwanci a Abuja ya iso gida da wani abu a bayan a-kori-kura. Kafin a gama kwance igiya yara sun cika ƙofar gidan. Babur ne, sai dai ƙafa huɗu gare shi, tayoyinsa gajeru masu kauri kamar turmi, sirdinsa dogo, ga ragar ƙarfe gaba da baya ta ɗora kaya. Mai shi ya hau ya kewaya filin idi sau uku, ƙura ta tashi, samari suna ta ɗauka da waya. Kawuna, wanda ya yi shekara fiye da arba'in yana noman shinkafa a fadamar Argungu, ya tsaya gefe har hayaniya ta lafa. Sannan ya matso, ya danna taya da babban yatsa, ya ji ta lotsa. Ya ce, "Ɗana, wanga abu buhu nawa shika ɗauka?" Mai babur ya ce, "Baba, in an ɗaura masa tirela zai ja huɗu ko biyar." Kawu bai ƙara magana ba. Ya gitta sandarsa daga taya zuwa taya, ya riƙe inda faɗin ya tsaya da yatsa. Washegari da safe muna tafiya gona na ga ya sunkuya ya gitta sandar nan a kan hanyar da ta ratsa tsakanin fangalai. Hanyar ba ta kai faɗin babur ɗin ba, da sauran fiye da taƙi biyu.

Tun ranar nake juya maganar, domin abin da kawu ya auna da sanda shi ne abin da masu sha'awar wannan babur ba su cika aunawa ba. Sha'awar kuwa tana ƙaruwa. Duk mai waya a hannu ya ga bidiyon masu yawon buɗe ido suna hawa tudun rairayi da shi a Dubai ko Maroko, ya ga ana haya da shi a bakin teku a Legas, ya ga Bature makiyayi yana kora tumaki a kansa cikin laka. Ga kuma ƙananan ƙirar China da ake tallatawa a intanet. Sai matashin da ya sha wahalar tura babur a taɓo ya ce, ai ga maganin hanyoyinmu nan. Ba na raina wannan tunani. Wanda damina ta taɓa yanke ƙauyensu daga asibiti na tsawon mako guda yana da haƙƙin ya yi marmarin duk abin da aka ce yana ratsa laka.

Asalin abin ba domin manomi aka yi shi ba. A shekarar 1970 kamfanin Honda ya fitar da wani ƙaramin babur mai ƙafa uku da tayoyi kamar balan-balan, domin dillalansa na Amurka su sami abin sayarwa a lokacin hunturu da cinikin babura ke tsayawa. Abin wasa ne na hutu. Ya karɓu, sai kuma ya shiga kifewa da mutane, musamman yara, har ta kai a 1988 kamfanonin da ke ƙera shi suka yi yarjejeniya da gwamnatin Amurka cewa sun daina sayar da mai ƙafa uku. Kafin nan, a 1982, Suzuki ya riga ya fito da mai ƙafa huɗu, shi ne ya gaji kasuwar. Da aka ƙara masa ƙarfi, aka yi wanda duk ƙafafun huɗu ke ja, sai manoma da makiyaya suka gano amfaninsa. A tsaunukan Sikotland da Wales, da filayen kiwo na Ostireliya da New Zealand, ya maye gurbin doki.

Dalilin karɓuwarsa a can yana da muhimmanci a gare mu, domin a nan ne bambancin yake. Makiyayi guda a waɗannan ƙasashe yana iya riƙe tumaki ɗaruruwa ko dubbai a fili mai faɗin gaske da aka kewaye da waya. Ɗaukar ɗan ƙwadago yana da tsada ƙwarai, mai kuwa idan aka gwada shi da ladan ma'aikaci ba komai ba ne. Saboda haka na'urar da za ta sa mutum ɗaya ya yi aikin mutum uku, ko nawa take, riba ce. Gonarsa tasa ce shi kaɗai, ƙofofinta an yi su da faɗin tarakta, dillalin da ya sayar masa yana garin da ke kusa da kayan gyara a kanta. A fadamar Kebbi lissafin a juye yake. Gonaki ƙanana ne, a manne da juna, kowane taƙi na ƙasa mai laima yana da mai shi. Hannuwan aiki suna da yawa. Mai da kayan gyara su ne masu tsada.

Su ma can ɗin yaɗuwarsa ta zo da rigima. A karkarar Ingila akwai tsofaffin hanyoyi marasa kwalta da masu tafiya da ƙafa da mahaya dawaki da masu ababen hawa suka daɗe suna jayayya a kansu, saboda ƙara da kuma yadda tayoyi ke yanka hanya su bar ramuka idan ƙasa ta jiƙe. A 2006 aka yi dokar da ta rufe da yawa daga cikin irin waɗannan hanyoyi ga ababen hawa masu inji. Sata ma ta addabi manoma, har majalisar Birtaniya ta zartar da doka a 2023 kan satar irin waɗannan na'urori. Amma abin da ya fi nauyi shi ne rayuka, kuma a kansa nake son in daɗe.

Ƙafa huɗu tana yaudarar ido. Mutum ya ga abu yana tsaye da kansa ba jiginiya, sai ya ɗauka ba ya faɗuwa, har ya ce ko yaro ma zai iya. Gaskiyar ƙirarsa ita ce gajere ne, faɗinsa kaɗan ne ya ɗara mita ɗaya, injinsa da sirdinsa suna sama, mahayi kuma yana zaune can ƙoli. Nauyin ya taru a sama a kan gindi matsattse. Babur mai ƙafa biyu idan ya zo kwana kwantawa yake yi tare da mahayinsa, shi kuwa wannan ba ya kwantawa, sai dai mahayi ya zame da jikinsa zuwa cikin kwanar domin ya danne ƙafafun da ke neman ɗagawa. Da yawa daga cikinsu ƙafafun baya a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, suna juyawa tare da gudu ɗaya, don haka a kwana dole ƙafar ciki ta ɗan zame a kan ƙasa. A rairayi ko ciyawa tana zamewa lafiya. A kwalta kuwa taya ta kama ƙasa, ba ta zamewa, sai abin ya ɗaga ya kife. Shi ya sa masu ƙera shi da kansu suke rubuta gargaɗi a jikinsa cewa kada a hau da shi kwalta, kuma a Amurka, inda yake kashe ɗaruruwan mutane kowace shekara, fiye da rabin mace-macen a kan titi suke faruwa.

Kifewarsa kuma ba irin faɗuwar da muka saba ba ce. Ɗan kabu-kabu ya zame a yashi, ya ƙuje gwiwa, ya tashi ya ɗaga mashin ɗinsa mai nauyin kilo ɗari da 'yan kai, ya karkaɗe riga. Babur mai ƙafa huɗu na aikin gona yana kai kilo 250 zuwa 400. Idan ya kife a kan mutum ya danne ƙirji, ko ba a karye ko'ina ba, numfashi ne ke ƙarewa kafin a kawo ɗauki. Da yawa daga manoman Ostireliya da suka mutu ta haka ba gudu suke yi ba, tafiya suke a hankali a gangare, ko da tankin feshi a baya da ruwan cikinsa ke tangal-tangal. Abin ya kai ya zama cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gonakin ƙasar, har gwamnati ta yi doka a 2019, wadda daga Oktoban 2021 ta wajabta a kafa wa kowane sabon babur na aikin gona wani ƙarfe a bayan sirdi da zai tokare ƙasa ya bar wa mahayi sarari idan an kife. Honda da Yamaha suka gwammace su daina sayar da irin wannan samfuri a ƙasar. Ita kuma Ayaland, daga Nuwamban 2023, ta ce duk wanda zai yi aiki da shi sai ya sami horo kuma ya sa hular kwano. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana cewa kada ɗan ƙasa da shekara 16 ya hau.

Yanzu a ɗauko wannan na'ura a ajiye a garin da aka saba goyon mutum uku ko huɗu a babur, da akuya a cinya, da jarka a rataye. Dogon sirdin nan da ya ba mu sha'awa, wanda kowa zai ce ai na mutum uku ne, an yi shi ne domin mahayi ɗaya ya riƙa matsawa gaba idan zai hau tudu, ya ja baya idan zai gangara. Da an ɗora na biyu, wannan dama ta tafi. A filin idin nan da idona na ga an ɗora yara huɗu, biyu a sirdi, biyu a ragar baya, wanda ke tuƙi bai wuce shekara goma sha uku ba, iyaye suna dariya don sun ga ƙafa huɗu. Gabana ya yi ta faɗuwa har suka sauka. Hular kwano kuwa kowa ya san yadda muka yi da ita: tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta, aka yi 'yan makonni ana kifa ƙwarya da hular magina a ka, daga baya maganar ta bi ruwa. Ƙauyen da yake awa biyu daga asibitin da ke da hoton ƙashi ba wurin gwajin abin da ke danne ƙirji ba ne.

Sai maganar ko ma zai iya hanyoyin. A nan dole a yi masa adalci. A jigawar arewacin jihar, wajen Arewa da Dandi da Augie, inda rairayi ke haɗiye tayar babur har mahayi ya sauka ya tura, mai ƙafa huɗu ya fi kowane mashin. Sirrin yana cikin tayar da kawu ya danna ta lotsa: iskar da ake sa mata ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na ta babur ba, sai ta baje a kan yashi kamar tafin raƙumi maimakon ta yanka shi. A laka marar zurfi ma haka. Amma fadamarmu ba laka marar zurfi ba ce. Daga Agusta zuwa Oktoba, idan gulbi ya kawo, hanya ruwa take zama, wani wuri iya gwiwa, wani iya ƙugu, wani sai jirgi. Ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar ta nuna mana iyakar kowace taya. A irin wannan lokaci abin da ya sa Boxer ta zama sarauniyar karkara shi ne rashin nauyinta. Mutum biyu su ɗaga ta su tsallake ƙorama. A mashigar Yauri ko Bagudo a cicciɓe ta a sa cikin kwalekwale tare da fasinjoji, a haye, a sauke, tafiya ta ci gaba. Kilo 350 da ya nutse a taɓo sai an tara samarin unguwa da igiya, ko a nemo shanun huɗa.

Ga kuma faɗi, wanda shi ne ma'aunin kawu. Yawancin hanyoyin da ke haɗa gona da gari sawun ƙafa ne da sawun jaki, wanda babur ya zo ya gada domin shi ma sawu ɗaya yake bi. Mai ƙafa huɗu sawu biyu yake buƙata. Duk inda ya bi a fadama, ƙafa ɗaya tana kan hanya, ɗayar tana cikin shukar wani, ko tana rusa bakin fangalin da aka ɗaure da fartanya domin riƙe ruwan da aka sayi fetur aka jawo da inji. Wanda ya san yadda ake kai ƙara gaban hakimi a kan taƙi guda na iyakar gona ya san abin da hakan zai haifar. Burtali ma, wanda da can yake da faɗin da garke zai wuce a sake, noma ya ci gefensa a wurare da yawa har ya zama siriri, kuma matsewar burtali da mashaya tana cikin tushen rikicin manoma da makiyaya da ya ƙone Zamfara. Ƙara abu mai ruri da ke firgita shanu a cikin wannan matsatsi ba ƙaramin lamari ba ne.

Lissafin kuɗi gajere ne. Sabon babur mai ƙafa huɗu na aikin gona daga manyan kamfanonin Japan yana kai wajen dala 6,000 ko fiye. A canjin naira 1,500 ga dala, miliyan tara ke nan tun bai hau jirgi ba, ba a biya kwastan ba. Da wannan kuɗi mutum zai sayi Boxer fiye da biyar ya ba samari su riƙa kawo masa balas. Ragar gaba da ta baya a haɗe, abin da masu ƙera shi suka yarda a ɗora bai wuce kilo 90 zuwa 120 a yawancinsu ba, wato buhun shanshera guda da ɗan ƙari, alhali ɗan kabu-kabu yana ɗaure biyu ya fito da su daga fadama, ko da yake shi ma ganganci ne. Ƙarfinsa na gaske a ja yake, kilo 400 zuwa 600 a tirela, tirela kuma sai hanya mai faɗi. Mai kuwa yana shan ninki uku ko fiye na abin da ƙaramin babur ke sha a tafiya ɗaya. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, manomin rani kowace lita lissafa ta yake yi tsakanin injin ban ruwa da mashin.

Abin da ya fi kuɗin saye muhimmanci shi ne bakanike. Na sha zama a rumfar wani mai gyaran babura a gefen kasuwa ina kallon yadda yake aiki. Kayan aikinsa ba su cika akwatin ƙarfe ɗaya ba. A kawo masa mashin da ya ƙi tashi, ya kwance kafireta ya wanke da fetur a murfin galan, ya hura da baki, ya kankare fulogi, cikin rabin awa mai shi ya hau ya tafi. In ring ne ko cen ko kulochi, ya aiki yaronsa shagon da ke kallonsa. Wannan sarƙa, daga dilan Legas da Kano zuwa shagon kasuwar ƙauye zuwa yaron da ya koyi gyara tun yana ɗan shekara goma sha biyu, shekaru aka yi ana ƙulla ta, kuma ita ce ainihin dalilin da ya sa Boxer da Jincheng da Honda suka zauna. Mai ƙafa huɗu ba shi da ko zobe ɗaya a wannan sarƙa. Sababbin suna da na'urar fesa mai da ƙwaƙwalwar lantarki, da bel ko giyar da ba irin ta babur ba, da sandunan da ke kai ƙarfi ga ƙafafu huɗu. Tayarsa kaɗai, idan ƙayar bagaruwa ko kututturen dawa ya farke gefenta, ba za a samu a Jega ko Kamba ba. Kwatano da za a shigo da shi ta iyakar Benin ya fi sabo arha, amma ya fi saurin neman kayan da babu. Mun ga taraktoci nawa da aka raba da biki suna ruɓewa a harabar sakatariya saboda ƙarfe guda da ya karye.

Gurbin da ake fatan ya cike kuwa, wato tsakanin babur da mota, akwai masu cike shi tuni. Amalanken shanu yana ɗaukar buhu da yawa, abincinsa harawa da dusa, kashinsa taki, in shekara ta yi a sayar da bijimin da riba. 'Yar ƙurƙura mai ƙafa uku ta shiga garuruwa tana kwasar albasar Aliero da buhunan shinkafa zuwa bakin titi, injinta ɗan'uwan na babur ne, bakanikenmu ya san cikinta. Ƙaramar tarakta ta hannu kuma tana yin kaftu da safe, da yamma a ɗaura mata tirela, wani ma ya ja ruwa da injinta. Duk wanda ke da miliyoyin da zai zuba domin fitar da amfanin gona, a ganina nan ya kamata ya fara dubawa.

Akwai kuma abin da ba a iya tsallakewa idan ana maganar abin hawa a dajin Kebbi da Zamfara. Babur ɗin da ya kai mai naƙuda asibiti shi ne ya kawo 'yan bindiga gari. A kansa suka zo kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021 suka kwashi ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan sai da suka kusa shekara biyu a hannunsu. Mutanen Danko-Wasagu da Sakaba sun san ƙarar ayarin babura da tsakar dare, haka mutanen Mera ta Augie da Lakurawa suka auka wa a Nuwamban 2024. Martanin hukuma kullum a kan babur yake sauka. A Mayun 2019 rundunar soja ta hana hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Kebbi da Zamfara. A Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya a Zamfara. A Yulin 2022 har gwamnatin tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana babura a ƙasa baki ɗaya. Kowane karo wanda ya fi jin jiki shi ne talakan da ke bin doka, domin ɗan bindiga ba ya neman izini. Duk wanda zai zuba dukiyarsa a sabon abin hawa na shiga daji a wannan yanki ya sani cewa sanarwa ɗaya a rediyo tana iya mayar da shi kayan ajiya.

Wasu suna tsoron kada mai ƙafa huɗu ya faɗa hannun 'yan ta'adda. Ni ina ganin dalilan da suka hana shi yi wa manomi amfani su ne za su rage masa daraja a wurinsu: yana shan mai, ba ya bin sawu ɗaya a cikin ƙunci, ba ya ɓoyuwa a cikin jama'a, ba shi da kayan gyara. Duk da haka abu ne mai jan kaya masu nauyi a daji, kuma hankali ya ce a san wanda ya shigo da shi da wanda ya saya tun suna 'yan ƙalilan. Babura sun cika ƙasa kafin a tuna da rajista, shi ya sa yau ba a iya bambance na mai neman abinci da na ɓarawo sai a hana kowa. Yanzu da za a iya ƙirga masu ƙafa huɗu da yatsu a kowace ƙaramar hukuma ne lokacin da rajista da lamba za su yi sauƙi, tare da ƙa'ida a fili: ba yaro, ba goyo, ba kwalta, ba tare da hular kwano ba a hau.

Inda nake ganin zai yi amfani na gaske wurare ne ƙalilan masu kama da inda ya fito. Babbar gona mai hanyoyinta na kanta, kamar filayen noman rani da aka tsara irin na Bakolori a Zamfara, inda mai duba magudanan ruwa ke yin kilomita da yawa a rana. Ma'aikatan rigakafi da likitocin dabbobi da ke bin ruga-ruga a jigawa da akwatin sanyi, idan hukumar da ta saya ta horar da mahayi ɗaya, ta ajiye kayan gyara, ta ware kuɗin mai. Masu gadin gandun daji. A irin waɗannan wurare mahayi baligi ne, an san shi, kuma akwai wanda zai neme shi idan bai dawo ba. Abin da ba na so in gani shi ne wani ɗan siyasa ya sayo hamsin ya raba wa matasa a filin wasa da sunan tallafin noma.

Domin damuwar da ta sa ake hangen wannan babur damuwar hanya ce. Kebbi tana cikin jihohin da ke cikin shirin hanyoyin karkara na RAAMP da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, kuma duk inda aka zuba jar ƙasa aka gina kwalbati, mutane ba sa jiran a koya musu abin da za su hau: 'yar ƙurƙura ta shiga, a-kori-kura ta biyo, dillalin kamfanin casar shinkafa ya iso har bakin gona, kuɗin dako ya faɗi. Tsakanin bakin fadamar da kawu ke noma da titi wuri ɗaya ne tak ke hana mota shiga, wata ƙorama da faɗinta bai wuce taku goma ba. Saboda ita, duk kaka sai ya biya dako sau biyu, 'yan kabu-kabu su fito da buhunan ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu zuwa tsallake, a jibge, a kwana ana gadi, sannan mota ta zo ta kwasa. Bara buhu uku suka jiƙe a wajen tsallakawa, ya shanya su a tsakar gida har kwana huɗu, duk da haka mai saye ya rage masa kuɗi. Shi kuwa babur mai ƙafa huɗu, bayan mako guda mai shi ya koma Abuja ya bar wa ƙannensa. Kafin watan ya ƙare tayar baya ta farke, aka tura shi cikin zaure aka rufe da buhu, aka aika Kano a nemo taya.